Ciyawar Roba A Ƙasar Zogale

Kun san ni da maganar tsakar gida, ba na gajiya da ita. To yau ma ita ce, kuma duk wanda ya shimfiɗa ciyawar roba a gidansa ya yi haƙuri, da shi nake.

Abin da ya sake tayar mini da zancen shi ne wannan yayi da ya shigo na zuwa kallon lambunan gidajen sarautar Turawa. Duk wanda ya je Ingila hutu, ko ya kai yaro makaranta, sai ka ga hotonsa a gaban wani katafaren gida na karkara, bayansa ciyawa kore shar iya ganin ido. Wannan ba laifi ba ne, ni ma na je, kuma na more. Laifin yana farawa ne bayan an dawo gida, ranar da aka kira magini aka nuna masa waya aka ce, "Irin wannan nake so." Duk abin da ke cikin lambun nan, ciyawar kaɗai aka gani. Kamar mutumin da aka gayyata walima ne, ya dawo ba ya yabon komai sai faranti.

Cikin gidajen nan, wanda na fi sani shi ne Chatsworth, a yankin Derbyshire, ba nisa da Sheffield. Gidan zuriyar Cavendish ne, masu riƙe da sarautar Duke na Devonshire, kuma tun ƙarni na 16 suke zaune a wurin. Lambun kaɗai eka 105 ne, ban da makiyayar da ta kewaye shi. Akwai wata matakalar dutse da ruwa ke gangarowa a kanta daga tudu, an gina ta tun ƙarshen ƙarni na 17. Akwai kuma wata maɓuɓɓuga da ke feshin ruwa sama, har sai ka ɗaga kai hularka ta nemi faɗuwa. A 1844 aka yi ta don tarbar Sarkin Rasha Nicholas na Ɗaya, shi kuwa bawan Allah ko leƙowa bai yi ba. Abin lura a nan shi ne, babu inji, babu janareta. Tafki aka haƙa a can saman tudu yana tara ruwan sama, gangara da nauyin ruwan su ke cilla shi. Wato mutanen nan ruwa ne ya yi musu yawa har suke wasa da shi. Wannan shi ne abin da hoto ba ya nunawa, kuma shi ne tushen ciyawar.

Ita ciyawar ma asalinta ba don kyau kawai aka yi ta ba, sanarwa ce. Kafin wani Edwin Budding ya ƙera injin yankan ciyawa a 1830, da dogon lauje ake aske ta, ko a saki tumaki su yi aikin. Mai shimfiɗar ciyawa yana gaya wa baƙinsa ne cewa ƙasa ta yi masa yawa har ba sai ya nome ta ba, ga kuma bayin Allah da za su duƙa a kanta kullum. A wajajen 1760 aka kira Lancelot Brown, wanda ake wa laƙabi da Capability, ya share yawancin tsofaffin tsare-tsaren lambun Chatsworth ya maye su da wannan shimfiɗa. Daga baya ma, tsakanin 1838 da 1842, aka tashi yawancin ƙauyen Edensor aka sake gina shi inda ba za a hango shi daga gidan ba. Ƙauye guda, don kada ya tare wa mai gida kallo! Kai kuma da filinka hamsin da hamsin, me kake sanarwa?

Sannan ga ruwa. A Ingila ruwan sama ba shi da wata, yana iya sauka a Janairu, yana iya sauka a Yuli. Mu nan daga an ɗauke shi a Oktoba, sai ka yi ta kallon sama har wajajen Mayu. Su ma ɗin da suke da shi, a Yulin 2022 zafi ya haura digiri 40 karon farko a tarihinsu, ciyawar ta koma ruwan ƙasa, aka hana ban ruwa da tiyo a yankuna da dama. A Chatsworth ɗin kanta ciyawar ta bushe har zanen tsohon lambun 1699 da ke binne a ƙarƙashinta ya fito fili, jama'a suka yi ta ɗaukar hotonsa daga sama. Zafin da ya gigita su kenan. Mu a Afrilu wannan shi ne azahar ɗin kowace rana.

Amma ina, sai mun yi. Kuma duk gidan da ka duba hanya ɗaya ake bi. Da fari a sayo ciyawa ta gaske a dasa, a haƙa burtsatse, maigadi ya riƙa yi mata wanka safe da yamma, maƙwabta kuwa suna bakin ƙofa suna jiran ɗan garuwa. Kuɗin mai ya tashi, ban ruwa ya ragu, gara ta shiga, ciyawa ta yi faci-faci. Sai mai gida ya yi fushi ya kira masu intalok, a rufe ƙasa ruf daga bakin ƙofa har bayan kicin. Bayan shekara guda idonsa ya gaji da launin siminti, sai a je kasuwa a yanko kore a mita.

Na ziyarci wani aboki da ya kai wannan matakin na ƙarshe. Akwai tsohon mangwaro a gidan tun kafin ya saya, ya sa aka sare, wai ganye yana ɓata masa tsakar gida. Da azahar ƙaramar 'yarsa ta fito da gudu ba takalmi, taku biyu ta yi a kan koren nan ta koma tana tsalle tana ihu, don robar ta sha rana ta zama wuta. Lokacin hunturu ne ya wuce, ƙura ta shige tsakanin zaren ta mai da shi toka-toka, ga maigadi can gefe da bokiti da garin sabulu da burushi yana dirza. Ciyawar da ake wankewa da sabulu, jama'a! An gudu daga sharar ganye an faɗa wankin darduma. Abokin ya ce mini da Babbar Sallah ragonsa ya sunkuya ya shinshina, ya ɗago ya dube shi. Shi dariya ya ba shi. Ni ragon na tausaya wa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, waɗanda muke kwaikwayon sun fara barin abin. Ƙungiyar masu lambu ta Birtaniya, RHS, wadda ke shirya babban baje kolin furanni na Chelsea a Landan, ta hana shigar da ciyawar roba wurin tun 2022. Akwai gangamin da ƙungiyar Plantlife ke yi duk shekara na a bar yankan ciyawa a watan Mayu, don furannin daji su fito, ƙudan zuma su samu abinci. Tun 2008 kuma, a Ingila in za ka rufe fiye da murabba'in mita 5 na gaban gidanka da abin da ruwa ba ya ratsawa, sai ka nemi izini, in dai ba ka yi wa ruwan hanyar da zai nutse a ƙasa ba. Dalilinsu ambaliya. Mu kuwa kowa ya toshe tsakar gidansa ya juya bututu waje, in Agusta ta zo layi ya zama kogi, sai a haɗu a masallaci ana zagin kwata.

To me ya kamata a gani a can Chatsworth? Ka bar gaban gidan inda ake turereniyar hoto, ka hau tudu ta bayan bargar dawaki. Can lambun girki yake. Kunya-kunya na kayan miya, waken da ke hawa kan sanduna, albasa, latas, itatuwan marmari, furannin da ake yanka a kai cikin gida, ga ɗakunan gilashi na renon yabanya. Nan na fi daɗewa, kuma nan na ga tsofaffin Turawa sun duƙa suna karanta sunan iri, suna tsare masu aikin da tambaya, me kuke sa wa wannan, yaushe kuka dasa wancan. Ba wanda na ga ya tsaya yana tambayar ciyawa. Takawa kawai ake yi a wuce.

Kuma in ana maganar abin da Chatsworth ya ba duniya, ai abinci ne. Joseph Paxton, ɗan manomi, ya zama shugaban masu lambun gidan a 1826 bai kai shekara 25 ba. Shi ne ya yi maɓuɓɓugar nan, shi ne kuma daga baya ya zana Crystal Palace na baje kolin Landan na 1851. A shekarun 1830 ya reni wata ayaba a ɗakin gilashi har ta yi 'ya'ya, aka sa mata sunan gidan. Yau kusan duk ayabar da jiragen ruwa ke kaiwa kasuwannin Turai da Amurka irin Cavendish ce. Paxton ɗin ne ya gina wani makeken ɗakin gilashi da ake ɗumama shi da kwal don tsirran ƙasashen zafi su rayu a sanyin Derbyshire. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ba kwal, ba ma'aikata, tsirrai suka mutu, a 1920 aka rushe shi. Mai sarauta da dukiyarsa ya gane cewa faɗa da yanayi ba riba. Mu har yanzu muna kan dagewa.

Talakan Ingila ma ba ciyawa ce ta dame shi ba. Akwai 'yan filayen noma da ƙananan hukumomi ke bayarwa haya, mutum ya shuka dankali da kabeji, kuma a birane da yawa sai ka yi shekaru a layi kafin ka samu. Tun 1927 suke da tsarin da mutane ke buɗe lambunan gidajensu a shigo a kalla a biya ɗan wani abu, kuɗin ya tafi ga aikin jinya. Wato abin alfahari a wurinsu shi ne abin da hannunka ya shuka.

Wannan kuwa wa zai koya mana shi? Ku tuna gidan kaka. Zogale a jikin danga, ana tsinka ana kwaɗo, in ya yi tsawo a sare kai ya sake tofo. Lalle a kusurwa. Ɗaɗɗoya a gindin randa tana shan abin da ya ɗiga daga moɗa. Gwanda a bakin makwarara, ruwan wanke-wanke kaɗai ya ishe ta. Kabewa ta haye rufin ɗaki, soso ya naɗe darni. Ba wanda ya zana, ba wanda ya kira shi lambu, amma ba ɗigon ruwan da ke fita daga gidan bai yi aiki biyu ba. Hatta gidan Sarkin Kano, da aka tashi yi masa wurin shan iska, Sheka aka bari, itatuwa da inuwa. Masu mulkin da suka san rana kenan.

Ni nawa ɗan wurin bai taka kara ya karya ba. Buhunan siminti ne na cika da ƙasa da kashin awaki, na jera a jikin katanga: yakuwa, kuɓewa, alayyafo, attarugu. Bokiti yana ƙarƙashin wurin alwala, abin da ya taru na na'a-na'a ne. In ƙwari suka taso na barbaɗa toka da sassafe tun raɓa ba ta bushe ba. Kuɓewa ita ce mai wasa da hankali, yau ka ga fure rawaya mai jan ciki, ka ɗan yi sakaci 'yan kwanaki ta yi ƙwari ta wuce yanka, sai dai a bar ta iri. Akwai wani daɗi a fitowa bayan asuba ka zagaya buhunan nan ɗaya bayan ɗaya, kana juya ganye kana duba bayansa, wanda ban san yadda zan kwatanta wa mai robar ba. In uwargida ta leƙo ta ce a tsinko mata yakuwa, ji nake kamar an ba ni sarauta.

Na sani, za a ce macizai, za a ce sauro, za a ce gidan haya. Maciji tarkace yake bi, sauro kwantaccen ruwa, buhu kuwa ana ɗaukarsa a tashi da shi. Intalok a inda mota ke bi, na yarda. Robar ma a filin ƙwallon yara ko barandar bene, to, ba zan yi faɗa ba. Kuma eh, ciyawar Chatsworth tana da kyau. Da yamma da rana ta karkata a kanta, tumaki suna kiwo can nesa, sai da na tsaya na yi shiru. Kyakkyawa ce a inda take.

Kada ma a fara mini zancen doguwar bishiyar nan 'yar Indiya mai rassa a rataye, wadda ake jerawa a jikin katanga. Ba 'ya'yan ci, ba ganyen miya, inuwarta ko akuya ba ta isa. Amma ita ce ta cika wuraren masu sayar da shuke-shuke na bakin titi, ita da furannin da ba sa kai watan Maris. Kwanan baya na tsaya wurin ɗaya daga cikinsu na ce ina neman dashen lalle da rumman. Ya dube ni, ya dubi motata, ya ce, "Alhaji, ai ba a tambayarsu yanzu." Na ce to ga shi an tambaya. Ya ce in dawo bayan sati biyu zai sa a kawo mini daga ƙauye, amma sai na ba da kafin alƙalami, don kada in ƙi dawowa su zame masa kaya.