SHARHIN BAKA: MA'AUNAN DA MASU KARATUN NISHAƊI KE BI WAJEN ZAƁAR WA JUNA LITTAFI

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabin Hausa sun daɗe suna feɗe ƙagaggun labarai ta fuskar jigo da salo da zubi da tsari, har kundaye sun taru a jami'o'i da kwalejojin ilmi a kan wannan fanni. To, amma akwai wani irin sharhi wanda ya girmi namu, ya kuma fi namu yawan mabiya, wanda har yanzu ba mu ba shi kulawar da ta dace da shi ba. Wannan kuwa shi ne sharhin da mai karatun nishaɗi yake yi sa'ad da ya miƙa wa abokinsa littafi ya ce lalle ya karanta, ko kuwa ya gargaɗe shi kada ya ɓata lokacinsa a kan wani. A wannan takarda na kira shi sharhin baka, domin a fatar baki ake yinsa, a zaure, ko tsakar gida, ko ɗakin kwanan ɗalibai.

Abin da nake nufi da mai karatun nishaɗi shi ne wanda babu jarrabawar da ke jiransa a kan abin da ya karanta, watau kamar matar aure bayan ta sauke tukunya, ko tela, ko ɗan kasuwa mai jiran ciniki. Manufar takardar ita ce ta nuna cewa shawarar da irin waɗannan mutane suke ba juna tana da ma'aunai tsayayyu, sa'an nan ta duba inda ma'aunan suka yi hangen nesa da inda suka gaza.

2.0 Hanyar Hukuma da Hanyar Aro

Ƙagaggun labaran Hausa na boko ta hannun hukuma suka fara isa ga jama'a. Gasar da Hukumar Fassara ta shirya a 1933 ƙarƙashin Dokta R. M. East ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Daga nan har zuwa zamanin NORLA a shekarun 1950, da kamfanin NNPC wanda aka kafa a Zariya a 1966, edita ne yake tace littafi, manhajar makaranta kuma ta kai shi hannun yara. Ko So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, wanda ya fito a 1980, ta ƙofar gasa ya shigo.

Abubuwa biyu suka sauya wannan tsari. Na farko, shirin ilmin firamare ga kowa na 1976 ya yawaita masu iya karatun boko, musamman 'yan mata. Na biyu, matsin tattalin arziki da ya tsananta daga 1986 ya sa takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka ja da baya daga buga ƙagaggun labarai. Sai marubuta suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, yawanci a Kano. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed, da Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu, da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino (1991) duk ta wannan hanya suka fito. Babu editan kamfani a bayansu, babu manhajar da ta tilasta wa kowa sayensu. Abin da ya rage musu shi ne bakin masu karatu.

Ya kamata a lura da yadda baki ya zama hukunci a wannan kasuwa. Yawancin littattafan kashi-kashi ake fitar da su, na ɗaya, na biyu, har na uku, kuma sau da yawa da cinikin na ɗaya ake buga na biyu. Idan waɗanda suka fara karantawa ba su yaba ba, to, labarin yana iya tsayawa nan. Haka kuma kofi guda yakan ratsa hannaye da yawa ta hanyar aro ko haya, har mai shagon haya ya zama shi ake tambaya abin da ake yayi. A yau kasuwar littafin takarda ta ja baya ƙwarai, labarai sun koma wayar hannu, ana sakinsu shafi-shafi ta WhatsApp da Facebook da Wattpad, ana kuma karanta wasu da murya a YouTube. Duk da haka tambayar da ke kai mutum ga littafi ba ta sake ba: "Me kike karantawa yanzu? Ya yi daɗi?"

3.0 Ma'aunan Mai Karatu

Wanda ya kasa kunne ga hirar masu karatu, kamar yadda malami a kwaleji yake jinta kullum a bakin ɗalibansa, zai ga cewa yabo da kushe suna kewaya abubuwa huɗu ne.

3.1 Riƙo

Mafi girman yabo shi ne a ce littafi "ba ya ajiyuwa", ko "a kansa na kwana", ko "sai da tuwona ya ƙone". Wannan magana, in an feɗe ta, hukunci ce a kan zubi da tsari. Alal misali, abin da ke riƙe mai karanta Ruwan Bagaja shi ne bashin da ke tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe: duk lokacin da ɗaya ya cuci ɗaya, mai karatu ya san akwai ramuwa a gaba, saboda haka ba zai rufe littafin ba sai ya ga an biya. A In Da So Da Ƙauna kuwa, an ɗaure shi ne da tambaya guda, watau ko Sumayya 'yar masu hali za ta sami Muhammad talaka, ga kuma Abdulƙadir mai dukiya tsaye a tsakani. Mai karatun nishaɗi ba zai ce warwarar jigo ta tsaru ba, amma ya san daidai shafin da labari ya saki hannunsa.

3.2 Darasi

Ma'auni na biyu shi ne a ce "akwai darasi a ciki". Wannan kalma tana da aiki biyu. Wani lokaci garkuwa ce, domin an daɗe ana zargin littattafan soyayya da ɓata tarbiyya, har aka kai ga ƙona wasu a bainar jama'a a Kano a 2007. Yarinyar da aka kama da littafi a ƙarƙashin matashi dole ta nemi hujja, kuma darasi ita ce hujjar da iyaye ke saurara.

Amma aikinta na biyu ya fi zurfi, kuma a nan ne sharhin baka ya bambanta da namu. Manazarci yakan tambaya ko littafi yana da kyau. Mai ba da aro kuwa yana tambayar wa littafin zai yi wa amfani, kuma a wane lokaci. Matar da ta miƙa wa ƙawarta Alhaki Kuykuyo Ne (1990) a daidai lokacin da mijin ƙawar yake shirin ƙara aure ta san abin da take yi. Tana nuna mata Rabi ne, wadda Alhaji Abdu ya kora da 'ya'ya tara bayan ya auro Delu, ta kuma tsaya da ƙafarta ta hanyar sayar da abinci. Haka yayar da ta ba ƙanwarta Wa Zai Auri Jahila?, labarin Abu da aka cire daga makaranta aka aurar wa Sarkin Noma, tana faɗa mata ne ta riƙe karatunta. A al'adar da kunya da kara suke hana a faɗi wasu maganganu ƙiri-ƙiri, littafin aro ya zama ɗan aike. Dangin karin magana ne da habaici, domin mai bayarwa ya faɗi abin da ke ransa ba tare da ya buɗe baki ba, mai karɓa kuma yana da damar ya nuna kamar bai gane ba. Nazarin da ya tsaya kan shafi kaɗai ba zai ga wannan aiki na littafi ba.

3.3 Hausa

Na uku, akan ce marubuci "ya iya Hausa", ko "ta iya tsara zance". Abin da ake yabo a nan shi ne hirar taurari, da faɗuwar karin magana a inda ta dace, da iya siffanta gida da ado da girki, irin abin da ya sa mata suka riƙe littattafan Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa kamar Allura Cikin Ruwa da Wa Ya San Gobe. Abin lura shi ne, mai karatun da zai tsinci kalma guda da ba ta dace da bakin tsohuwa ba, shi ne kuma zai wuce kurakuran raba kalma da haɗe ta, da rashin ƙugiya a kan ƙ da ɗ da ɓ, ba tare da ya ɗaga gira ba. Dalili kuwa, da kunne yake auna Hausa, kuma sau da yawa mutum guda ne yake karantawa a bayyane sauran 'yan gida suna saurare. Mu kuwa da ido muke aunawa. Shi ya sa littafin da malami ya jefar tun a shafi na biyu saboda ƙa'idojin rubutu, yana iya zama wanda unguwa guda take layi a kansa.

3.4 Ƙarshe

Na huɗu shi ne sakayya. Littafi yana iya cika duk sharuɗɗan da suka gabata, amma a rushe shi da cewa "ƙarshensa bai yi ba". Abin da ake so shi ne mai haƙuri ya dafa dutse, azzalumi kuma ya girbi abin da ya shuka a gaban idon mai karatu. Alhaki Kuykuyo Ne ya biya rabin wannan bukata, domin dukiyar Alhaji Abdu ta salwanta, amma kuma an matsa wa Rabi ta koma gidansa. Na sha jin ɗalibai mata suna ƙorafi a kan wannan ƙarshe. A ganina a nan ne ƙarfin littafin yake, domin marubuciyar ta ƙi ta yi wa mai karatu ƙarya game da ikon da dangi da al'ada suke da shi a kan mace mai 'ya'ya.

4.0 Hange da Gazawa

Babban abin da ya ba sharhin baka nauyi shi ne jingina. Wanda ya ba ka aron littafi ya sa dukiyarsa a hannunka, ya kuma sa sunansa, domin idan ya yaba maka abin banza sau biyu ba za ka sake tambayarsa ba. Tsohon kofin da bangonsa ya yage, aka ɗinke shi da zare, sunaye suka jeru a cikinsa kamar salsala, shi kansa shaida ne a kan hukuncin da aka yanke.

Wannan hukunci ya riga namu a wasu wurare. A shekarun 1990 an yi doguwar muhawara a jaridu a kan waɗannan littattafai, inda Ibrahim Malumfashi ya kira su adabin kasuwar Kano yana nuna damuwa a kan ingancinsu, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da wasu suka tsaya musu. Kowane ɓangare yana da hujja. Amma yayin da malamai suke jayayya a kan ko rukunin gaba ɗaya adabi ne, masu karatu sun riga sun shiga cikinsa sun ware tsaki da tsakuwa. Marubutan da suka ɗaga tun a lokacin, irin su Balaraba Ramat da Gidan Dabino, su ne daga baya suka cika kundayen digiri, har aka fassara Alhaki Kuykuyo Ne zuwa Ingilishi aka buga shi a Indiya a 2012.

Sai dai zuma da zaƙi take da harbi. Gazawa ta farko ita ce yayi. Wanda ya ji daɗin littafi yakan ce a ba shi "irin wancan", kasuwa kuma ta amsa da kwaikwayo, har labari guda ya fito da sunaye goma. Ta biyu, neman sakayya yana hukunta marubucin da ya faɗi gaskiya mai ɗaci, yana kuma kauce wa littafin da ke bukatar haƙuri. Da wuya ka ji an ba wani aron Shaihu Umar ko Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo don nishaɗi, alhali suna da abin faɗa. Ta uku, sharhin baka ba shi da taska. Littafin da aka fi so shi ne aka fi kashewa da karatu, saboda haka da yawa daga cikin waɗanda suka yi tashe a shekarun 1990 samun kofinsu ya yi wuya. Ta huɗu ta zo da wayar hannu: marubucin da ke sakin labari shafi-shafi yana jin kukan masu karatu tun bai gama ba, kuma ba kowa ne zai iya ƙin lanƙwasa ƙarshen labarinsa don ya faranta musu ba. Ga shi kuma tura labari ta waya ba ya cin komai, watau jinginar nan da ta ba aro daraja ta yi rauni.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa riƙo da darasi da Hausa da ƙarshe ba su yi nisa da zubi da jigo da salo da muke koyarwa ba. Bambancin shi ne mai karatun nishaɗi yana auna littafi da mutumin da zai ba, mu kuma muna auna shi da sauran littattafai. Kowane ma'auni yana ganin abin da ɗayan ba ya gani.

Saboda haka ina ba da shawara ga sassan Hausa, musamman na kwalejojin ilmi, su riƙa tura ɗalibai su tattaro kalmomin yabo da kushe daga bakin masu karatu a unguwanninsu, su kuma nemo tsofaffin kofe daga gidaje da shagunan haya kafin gara ta gama da su. A cikin aji kuma, ya kyautu a fara daga kalmar da ɗalibi ya zo da ita, a tambaye shi dalilin da ya sa littafi ya ƙi ajiyuwa, kafin a ba shi sunan abin a ilmance. Ɗaliban nan su ne za su koyar da Hausa a firamare da ƙananan sakandare. Idan suka fita da sanin jerin littattafan jarrabawa kawai, ba su iya duban yaro su zaɓar masa littafin da ya dace da shi ba, to, mun ba su rabin sana'ar ke nan.

Wannan shi ne ɗan abin da ya sawwaƙa, da fatan mahalarta taro za su faɗaɗa shi.