Zambon Fada a Akwatin Talabijin: Kwana Casa'in da Masu Kallon Arewacin Zamfara

Ƙorafi biyu ake yawan yi wa Kwana Casa'in, shirin nan mai dogon zango da tashar Arewa24 ta fara nunawa a 2019. Na farko, wai tsoro ne ya sa marubutansa suka ƙirƙiro jihar da babu ita a taswira, suka raɗa mata Alfawa, suka ɗora mata Gwamna Bawa Maikada, maimakon su fito fili su kama sunan jiha da na wanda ya cinye ta. Na biyu, wanda 'yan boko suka fi riƙewa, wai dariya sanyaya zuciya take yi: talaka ya kalli yadda ake wawure dukiyarsa, ya tuntsure da dariya, ranar zaɓe kuma ya karɓi taliya da atamfa ya sake dangwala wa wanda ya cuce shi. Duka biyun ban yarda da su ba. Na farkon ma ya fi ba ni mamaki, don duk wanda ya tashi tsakanin Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi ya san ɓoye suna gwaninta ce da ake koyo a gidan kiɗa.

Tarihin ba mai tsawo ba ne. Akwai wasan gauta, inda ake kwaikwayon sarki da hakimansa a gaban idonsu. Akwai tashe a watan azumi, akwai 'yan kama da 'yan gambara. Malam Aminu Kano ya rubuta wasannin kwaikwayo yana shaguɓe ga mulkin En'e. Samanja da Ƙasimu Yero sun kai abin rediyo da talabijin, Saddiq Balewa ya yi Ƙasarmu Ce a farkon shekarun 1990, marigayi Rabilu Musa Ibro kuma ya sha ɗauri a Kano a 2008. Amma jijiyar da ta fi kauri a wannan bishiya ita ce zambon makaɗan fada, kuma gidan zambo yana nan wajenmu. Ibrahim Narambaɗa mutumin Tubali ne, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, ga Sa'idu Faru, ga Musa Ɗanƙwairo.

A duba yadda Narambaɗa ke yi wa ɗan sarki mai jiran gado. Ba ya faɗin sunansa. Abu ɗaya yake ɗauka daga jikinsa ko halinsa, tafiyarsa ko gemunsa ko rowarsa ko yawan zaryarsa gidan bokaye, ya jingina shi da wata dabba, ya saki. Daga nan aikin ya koma hannun mai sauraro, shi zai liƙa sunan. Wannan dabara tana da riba uku. Wanda aka yi dominsa ba shi da bakin kai ƙara, don in ya yi magana ya amsa cewa shi ne. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Mai sauraro kuma ya zama abokin aikin makaɗi, abin da mutum ya gano da kansa kuwa ba ya fita ransa. Ta uku ita ce babba: zambon da babu suna ba ya tsufa. Ɗan sarkin ya mutu, an manta da shi, amma waƙar tana nan tana jiran wani mai irin halinsa.

Haka aka gina Alfawa. Sani Mu'azu, wanda ya fito a matsayin Maikada, bai kwaikwayi wani gwamna takamaimai ba. Tsince-tsince ya yi: murmushin da ba ya kaiwa zuci, sassauta murya in ana gaban jama'a, ambaton Allah daidai lokacin da ake ƙulla mugunta. Kewaye da shi ga 'yan kanzagi masu cewa ranka ya daɗe kafin ya rufe baki, ga matar gwamna da umarninta ya fi na kwamishina ƙarfi, ga 'yan jagaliya, ga ɗan jarida Sahabi da gaskiya ke jawo wa wahala. Ko abokin hamayyarsa Malam Adamu, wanda Falalu Ɗorayi ya fito a matsayinsa, ba a bar shi tsarkakakke babu jarrabawa ba, don masu neman abinci a jikinsa suna nan kamar yadda suke a jikin Maikada. Kowane ɗaya daga cikinsu hali ne aka sa wa riga, shi ya sa Bakano ke rantsuwa Kano ake nufi, Bakatsine ya ce Katsina ce.

Mu kuwa a Zamfara ba mu sha wahalar liƙa suna ba. Shirin yana tafe ne a shekarar da Kotun Ƙoli, ranar 24 ga Mayu 2019, ta soke ƙuri'un jam'iyyar APC gaba ɗaya saboda rikicin zaɓen fid da gwani, mulki ya faɗa hannun Bello Matawalle na PDP. A shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar. Mutumin da ya ga haka da idonsa, wace makarkashiya ce a Alfawa za ta zame masa almara? Jihar da aka rufe gidajen silima tun zuwan Shari'a a 2000 ba ta daina kallo ba, wurin kallon ne ya sauya. A shagon cajin waya da teburin mai shayi ake yinsa, a tura wa mutum a memori ya tafi da shi ƙauye. A irin wannan majalisa ba a cika tambayar ko fim ya yi kyau ba. Gardamar ita ce wa ake nufi, kowa na kawo hujjarsa daga abin da ya sani na ƙaramar hukumarsa: kwangilar da aka biya ba a yi ba, takin da ya ɓace tsakanin Gusau da gona. Wannan gardama ita ce amsata ga masu cewa dariya maganin barci ce. Mutanen da ke lissafa ɓarnar shugabanninsu da tsakar dare ba barci suke yi ba. In kuma sun karɓi taliya ranar zaɓe, yunwa za a tuhuma.

Hukumar tace fina-finai ta Kano ma ta yi nata sharhin a ƙarshen 2019, lokacin da ta nemi a dakatar da shirin tare da shirin Gidan Badamasi. Abin da ta kafa hujja da shi wani wuri ne da maza suka riƙe mace a adaidaita sahu. An cinye jiha sukutum a gaban kyamara, hannu ɗaya kawai mai tacewa ya gani. Wannan ma shaida ce ga ƙarfin zambo: babu sunan da za a kama shi da shi, sai a laluba wata ƙofa.

Inda nake da ja da shirin daban ne. Alfawa jihar birni ce, ta ofis da gidan gwamnati da gidan jarida. Ɓarnar da mutumin Zurmi ko Shinkafi ya fi sani tana daji: harajin da 'yan bindiga ke ɗora wa ƙauye kafin a yi noma ko girbi, masu kai musu rahoto da mai, kasuwar Alhamis ta Shinkafi da tsoron hanya ya rage wa armashi, layukan waya da aka katse a Satumban 2021, sarautar Zurmi da aka tuɓe mai riƙe da ita a 2022 bisa zargin alaƙa da 'yan ta'adda. Wannan fage har yanzu yana jiran marubucinsa, kuma a nan ne ɓoye suna zai tashi daga ado ya koma garkuwar rai.

Don haka ina ganin masu neman asalin fim ɗin siyasa na Hausa a Indiya ko Amurka ɓata tafiya suke yi. Rawa da waƙar soyayya an aro su, babu musu. Amma iya tozarta mai mulki ba tare da an ba shi abin kamawa ba, daga bakin makaɗan Gobir da Zamfara ya fito. Matashin da ke karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Ƙaura, yake mafarkin rubuta fim a kan halin da yankinsa ke ciki, ya fara da zama ya saurari Narambaɗa da Ɗanƙwairo da kunnen ɗalibi. Kyamara kuwa ko ta waya ta isa.