Tao a Sin, Bori a Gobir: Sunan da Baƙo ke Raɗawa

A shekarar 1842 masani Bafaranshe Stanislas Julien ya fitar da fassarar littafin Tao Te King a birnin Paris. Littafin, wanda ake jinginawa ga Lao Tse, ɗan ƙarami ne: babi 81, haruffan Sinanci kimanin 5000. Duk da haka shi ya zama tagar da Turawa suka daɗe suna leƙen Tao ta cikinta. Abin da suka hango ya burge su: tawali'u, ƙanƙan da kai, da barin al'amura su bi hanyarsu ba tilastawa. Sai suka raɗa masa suna falsafa. Ɗakunan bauta, limamai, layu da tafarkin da Zhang Daoling ya kafa a shekarar 142 kuwa, aka ture su gefe da sunan camfin talakawa.

Wannan rabo yana da tushe, domin Sinawa ma suna da kalmomi biyu, daojia ga mazhabar tunani, daojiao ga ibada. Amma Kristofer Schipper, wanda ya zauna da masu abin a Taiwan har aka naɗa shi limaminsu a 1968, ya nuna cikin littafinsa Le Corps taoïste na 1982 cewa tunanin da ibadar a tukunya guda suke dahuwa. Wanda bai yi imani ba ne ke tsame naman da ya yi masa, ya zubar da romon.

Mai karatu a jihar Maraɗi ba ya bukatar zuwa Sin domin ganin irin wannan tsame-tsame. Ga bori da tsafin Anna nan kusa, daga Tsibirin Gobir cikin yankin Gidan Rumji, inda Inna ke shugabantar ƴan bori tun zamanin sarakunan farko na garin, har ƙauyukan Agye da Gazawa. Masu kallonsu daga waje kashi uku ne. Malamin addini ya ce shirka ce. Mai shirya bikin al'adu ya ce rawa ce da kiɗan goge, sai ya hau da su dandamali bayan ƴan kokawa. Manazarci kuwa yakan ga magani da mafakar mata, kamar yadda ake tsinta a aikin Jacqueline Monfouga-Nicolas na 1972 kan borin Maraɗi, ko ya ga tsarin zamantakewa irin wanda Guy Nicolas ya zayyana a 1975.

Abin mamaki, a cikin ukun nan malamin ne ya fi ɗaukar abin da gaske, domin ya yarda cewa akida ce ke gabansa, shi ya sa ya ƙi ta. Mai shirya biki, duk da kyakkyawar niyyarsa, ya fi kowa rage shi. Matar da aka yi wa girka bayan doguwar jinya ba ta ɗauki kanta ƴar wasa ba, haka manomin da ke jiran buɗin daji kafin farauta ba nishaɗi ya fito ba. Bambancin da ke tsakanin Tao da bori shi ne, Tao yana da littafi, sai baƙo ya ɗaga shi zuwa falsafa. Bori a baka yake, sai aka sauke shi zuwa wasa.

Ba a nemi malamin makaranta ko ƙungiyar al'adu su gaskata iskoki ba. Abin da ke wuyansu shi ne amana wajen rubutawa: a fara da faɗin abin da masu abin suka ce game da kansu, da kalmominsu, sannan hukunci ya biyo baya da sunan mai yanke shi. Tsofaffin da suka san kirarin kowane iska da ma'anarsa suna ƙarewa. In aka adana kiɗan aka bar ma'anar, jikoki za su gāji goge, amma ba za su san wa ake kira da shi ba.