Littafin Lissafin Aji Biyar: Ina Kongo, Ina Jarka?

Mun duba littafin lissafin da yaranmu 'yan aji biyar ke amfani da shi a nan Sabo. Atisayensa da yawa, wannan mun yaba, amma da gyara. Babin ɗigo duk kwabo ne, ₦2.75, alhali yaran ba su taɓa riƙe kwabo ba. Babin lita kuwa zanen akwati kawai, babu jarka mai lita 25 ta 'yan garuwa. Yarinyar da ke auna rabin kongo da kwata ba kuskure, a rubuta mata ½ + ¼ sai ta yi tsuru-tsuru. To laifin wa? Malamai, don Allah ku shigo da kongo da jarka cikin aji, tun jarrabawar shiga sakandare ba ta kayar mana da yara ba.