Jinjina ga Masu Gyaran Bakin Kogin Kibera

A unguwar Kibera ta Nairobi, bakin Kogin Ngong juji ne da ambaliya ke ci duk damina. Tun 2006 ƙungiyar Kounkuey Design Initiative take mayar da irin waɗannan wurare dandalin jama'a: filin wasan yara, banɗaki, famfo, da duwatsu cikin ragar waya masu tare zaizayar ƙasa.

Na fi sara musu kan zaman da suke yi da mata da matasan unguwa kafin a haƙa harsashi, ana gardama ana sake zane. Masu tallafi kan yi ƙyashin biyan kuɗin irin wannan zama, tunda ba ya kyau a hoto. Mazauna kuwa su suka san hanyar ruwa, kuma ƙungiyoyinsu ke riƙe wurin, suna gyara shi da kuɗin banɗaki da na famfo.