Sai Ka Yi Wa Kwamfuta Ƙarya Kafin Ta Kwafi Faifai

Har yau akwai tsofaffin 'yan Linux da ke ba da labarin kwafar faifan CD a zamanin kernel 2.4 suna ɗaga kafaɗa, kamar waɗanda suka dawo daga fagen fama. Abin haushi, domin abin kunya suke wa kirari.

Na'urar rubuta faifai da yawancin mutane ke saye a lokacin ta IDE ce, ita kuwa manhajar cdrecord ta Bajamushe Jörg Schilling da SCSI kawai ta saba. To sabon shiga, bawan Allah, sai ya buɗe saitin LILO, manhajar da ke tayar da kwamfuta, ya rubuta hdc=ide-scsi, ya sake kunna kwamfuta, wato ya rantse mata cewa na'urarsa wata iri ce daban. Sannan ya buga cdrecord -scanbus, a ba shi lambobi uku irin 0,0,0 ya haddace. Kafin ya farga, na'urar da ya sani jiya a /dev/hdc ta yi ƙaura zuwa /dev/scd0 ba ko sallama. Idan ya kai kuka, malaman su ce ya je ya karanta takardun bayani.

Duk wannan fa ana yi ne alhali tun 2001 mai Windows XP jan fayil kawai yake ya jefa a faifai. Mai manhajar Nero kuma ba a magana.

Da kernel 2.6 ya fito a Disamba 2003, an daina buƙatar wannan ƙarya. Ya kamata a huta ke nan. Ina! Schilling ya kafe a kan lambobinsa uku, aka yi ta cacar baki da masu kernel. A 2004 kernel 2.6.8 ya hana mai amfani na gama-gari kwafa sai da ikon root. A 2006 rigimar lasisi ta sa Debian ta ɓalle da tata manhajar, wodim. Manya na faɗa, sabon shiga na riƙe da faifai babu komai a ciki.

A gaskiya cdrecord ta iya aikinta, ita ce ma injin da ke ƙarƙashin manhajar K3b ta Sebastian Trüg. Amma sai da K3b ta rufe wannan tarkace da maɓallai kafin ɗan koyo ya samu sa'ida.

Ubuntu 8.04 ta zo da manhajar Brasero a shirye cikin Afrilu 2008, sa faifai, danna, shi ke nan. A Janairun shekarar kuwa Apple ya riga ya fitar da MacBook Air, wadda ba ta da ko ramin sa faifan.