Masoyan Tali da Shari'ar Geth

Tun 2007 da kamfanin BioWare na birnin Edmonton a Kanada ya fitar da wasan bidiyo na Mass Effect, masu buga shi suka samu abin musu. Kashi na biyu ya fito a 2010, na uku a 2012, aka haɗe su wuri ɗaya a 2021, kuma duk sabon shiga sai ya tarar da tsohuwar gardamar tana jiransa: tsakanin Kwariyawa da Geth, wa ke da gaskiya? Da wuya kuwa a yi nisa a wannan musu ba a sako sunan wata budurwa ba, Tali'Zorah.

Kwariyawa halittu ne na wata duniya mai suna Rannoch. Su suka ƙera Geth, mutum-mutumin da ke yi musu noma da aikin ƙarfi. Ranar da ɗaya daga cikin Geth ya tambaya ko shi ma yana da rai, hukuma ta firgita, ta ce a gama da su duka. Geth suka tashi kare kai, suka yi galaba, har waɗanda suka tsira daga Kwariyawa ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Jikokinsu, kimanin miliyan 17, sun shekara kusan 300 suna gararamba a sararin samaniya cikin ayarin jirage wajen 50,000. Garkuwar jikinsu ta yi rauni, dole kowa ya rayu cikin rigar da ta rufe shi ruf, fuska a bayan gilashi mai duhu.

Tali 'yar Kwariyawa ce, injiniya a jirgin Kwamanda Shepard, wanda ɗan wasa ke sarrafawa. A kashi na farko babu hanyar neman ta. 'Yan wasa suka yi ta naci, a na biyu aka buɗe ƙofa ga wanda ya zaɓi Shepard namiji. Soyayyar tata ba ta ado ba ce: kafin ta cire gilashin nan sai ta ɗirki maganin kashe ƙwayoyin cuta, bayan nan ma ta tashi da zazzaɓi da mura. Kyamara kuma ta ƙi nuna fuskar.

Gwanintar marubutan ta fito ne a wajen shari'ar da aka yi mata a kashi na biyu. Manyan hafsoshin ayarin sun tuhume ta da cin amanar al'umma, wai ta aiko da sassan Geth masu motsi. Amma mai lura zai gane Tali hujja ce kawai, abin da ake ja a kai shi ne yaƙi. Han'Gerrel yana son a koma a ƙwato Rannoch da bakin bindiga, Zaal'Koris yana son sulhu, Daro'Xen kuwa burinta a mayar da Geth bauta. Sai Shepard ya gano shaidar da za ta wanke Tali tas: marigayi mahaifinta Rael'Zorah ne yake tayar da Geth a jirgin Alarei yana gwada makamai a kansu. Tali ta roƙe shi ya rufa asirin mamacin ko da za a kore ta. Wanda ya tona, ya rasa amincewarta, soyayya ta rushe. Wanda ya rufe, ya ɓoye wa jama'a abin da ya kamata su sani kafin su shiga yaƙi. Daga nan ba za ka iya raba ra'ayinka na siyasa da abin da zuciyarka ke so ba, kuma da gangan aka ɗaura su tare.

Masu goyon bayan Geth suna fara magana da tambayar wa ya fara. Suna kawo hotunan tarihin da aka nuna a kashi na uku, inda sojojin Kwariyawa ke harbe 'yan uwansu da suka ɓoye Geth, da yadda Geth suka ƙyale jiragen masu gudu ba su bi su ba. Suna kuma tuna wa kowa cewa Gerrel ya sa an yi wa wani babban jirgin Geth ruwan wuta alhali Shepard da Tali suna cikinsa (wasan ma ya ba ka damar kai masa naushi a ciki, kuma ban ga laifin wanda ya kai ba). Ɗaya ɓangaren suna cewa: wa ya nuna muku hotunan nan? Legion, abokin Shepard wanda shi kansa Geth ne, a cikin rumbun ajiyar Geth. Shaida ɗaya, mai ƙara kuma shi ne mai gabatar da ita. Biliyoyin da aka kashe har da jarirai ba su fito a hoton ba. Ga kuma Geth sun haɗa kai da Reapers, injunan da suka zo shafe duk al'ummomin da suka ci gaba.

Idan hujja ta ƙare sai a koma gori. A ce wa mai kare Kwariyawa ai so hana ganin laifi, budurwarsa yake karewa. A ganina wannan shi ne mafi raunin abin da ake faɗa. Na farko, Tali kanta ba ta goyi bayan yaƙin ba, ta bi sahu ne a bainar jama'a don kada ayari ya rabu. Na biyu, shi ma Legion an yi masa kwalliyar da za a so shi: ya liƙa ɓallin sulken Shepard a kafaɗarsa, an tambaye shi dalili ya rasa amsa, ga faranta a kansa suna motsi kamar gira. Kowane ɓangare an ba shi wanda zai ji tausayi. Babu wanda ya zo Rannoch da zuciya fara.

A can Rannoch ɗin, inda yaƙin ya kai ƙarshe a kashi na uku, wanda ya zaɓi Geth zai ga ayarin Kwariyawa yana ci da wuta, Tali ta cire gilashi ta faɗa daga kan dutse, ko ya miƙa hannu ba ya cim mata. Wanda ya zaɓi Kwariyawa zai ga Legion ya shaƙe Shepard, Tali ta caka masa wuƙa. Akwai hanya ta uku, ta sulhu, ga wanda ya tara wasu sharuɗɗa tun kashi na biyu. Yanzu da yawa suna duba jagora tun kafin su fara, su bi mataki-mataki, su fito da budurwa da aboki duka, sannan su zo suna yanke wa wasu hukunci a kan zaɓin da su ba su taɓa fuskanta ba.

Wani abin dariya: hayaniyar da ta fi haɗa kan ɓangarorin biyu a 2012 ta hoto ce. Tali ta ba Shepard hoton fuskarta a firam, 'yan wasa suka gano hoton wata mata ne na kasuwa aka ɗan yi wa kwaskwarima. Aka yi ta tsiya, har a 2021 kamfanin ya sauya shi. Hotunan tarihin yaƙin kuwa an bar su yadda suke, daga ɓangaren Geth kaɗai. A nan nake ganin masoyan Tali suna da ƙorafi na gaskiya: kashi na uku ya karkata ma'auni zuwa ga Geth, kuma ba sai mutum yana son Tali ba kafin ya ga haka.